Akwatin ifek mai haɗaka ko fedoji ɗai-ɗai: wanne zan saya wa jitata?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum masu kaɗa jita. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Jitata ta lantarki ce mai fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) uku irin na Stratocaster, amfilifayata kuma mai wat 20 ce, tana da ramuka biyu a bayanta da aka rubuta Send da Return. Sautin da nake buƙata bai wuce biyar ba: mai tsabta, mai ɗan kaushi, mai kaushi sosai na solo, sai dile (maimaita sauti) da ribab (amon ɗaki). Ina kaɗawa a gida, ina kuma kaɗawa da ƙungiya, kuma a wasu wuraren ba a ɗaukar amfilifaya, miksa (na'urar haɗa sautuka da ke kai su sipikun taro) ake shiga kai tsaye. Shin in sayi akwati ɗaya da ya haɗa duk ifek, wato masu canza sautin jita, ko in riƙa tara fedoji, ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa kowace da ifek ɗinta, ɗaya bayan ɗaya? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla, ban da "wannan ya fi daɗi" kawai.

Mai_Tsirkiya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe, wato shiga miksa kai tsaye. Sipikar amfilifayar jita ba ta fitar da sautin da ya haura kusan 5 kHz, ita ce ke tace kaushin distoshin (ifek mai sa sauti kaushi sosai) ya zama mai daɗin ji. Sipikun taro kuwa komai suke fitarwa har sama. Ka ɗauki fedar distoshin Boss DS-1 ka jona ta miksa ba tare da komai a tsakani ba, abin da za ka ji kamar ƙudan zuma ne a cikin gwangwani. Akwatin haɗaka na zamani yana kwaikwayon amfilifaya da kuma akwatin sipikarta, shi ya sa yake shiga miksa lafiya. Don haka a halin da kake ciki, akwatin ya fi maka.

Abu na biyu shi ne yawan canji a cikin waƙa ɗaya. A ce daga baiti za ka shiga solo: za ka kunna distoshin, ka kashe koros (ifek mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu), ka kunna dile, ka ƙara ƙarfi. Da fedoji taku huɗu ke nan a cikin bugu ɗaya, da akwati taku ɗaya ne. Sai dai akwai tarko a nan. Idan ka tsallaka daga wani saiti da ka ajiye zuwa wani daban, akwatuna da yawa suna ɗan yin shiru na ƙiftawar ido kafin sabon ya hau, wutsiyar dile da ribab kuma ta yanke. Maganinsa shi ne ka gina duk abin da waƙar ke buƙata a cikin saiti ɗaya, ka riƙa kunna wasu kana kashe wasu a cikinsa. Kamfanin Line 6 suna kiran wannan Snapshot, Fractal da Neural DSP suna ce masa Scene. Kafin ka sayi kowane akwati ka tabbatar yana da wannan, ka kuma ƙirga maɓallan ƙafarsa. Akwatin HX Stomp na Line 6, alal misali, maɓalli uku gare shi, Snapshot uku a kowane saiti, kuma ifek takwas yake ɗauka a jere tun daga manhajarsa ta 3.0, da can shida ne. Ga sautinka biyar ya isa, amma da ƙyar za ka rabu da sunkuyawa idan waƙoƙin suka yi yawa.

Kuskuren da ke sa mutane su ce akwati ba shi da daɗi guda uku ne. Na farko, barin kwaikwayon sipika a kunne alhali an jona akwatin a amfilifayar jita ta gaske: tacewa biyu ke nan, sautin zai fito kamar an lulluɓe shi da bargo. In za ka shiga amfilifaya, kashe kwaikwayon sipika. In za ka shiga miksa ko abin saurare na kunne, kunna shi. Ka yi saiti kashi biyu, ka ba kowanne suna. Na biyu, dogaro da saitin da kamfani ya zo da shi, wanda an cika masa ribab da kaushi don ya burge mai gwaji. Fara daga fanko: amfilifaya ɗaya, sipika ɗaya, ka yanke ƙasa daga 80 zuwa 100 Hz, ka yanke sama daga 6 zuwa 8 kHz, sannan ka ƙara ifek ɗaya-ɗaya. Na uku, yin saiti da dare a ƙaramar murya. Kunnen mutum ba ya jin ƙasa da sama sosai idan murya ta yi ƙasa, sai ka ƙara su. Ranar da aka ɗaga murya a dandamali sai bes ya yi ta ruri, sama kuma ya riƙa sukar kunne. Yi saitinka a ƙarfin da za ka yi kiɗan da shi.

Dattijon_Feda:

Mai_Tsirkiya ya faɗi gaskiya kan miksa, amma bai gama ba. Ba dole sai akwatin haɗaka ake shiga miksa da shi ba. Tun 1989 Tech 21 suka fito da SansAmp don wannan aikin, Strymon Iridium ma na nan tun 2019. Ka sa irin wannan bayan fedojinka na kaushi, shi ke nan ka samu amfilifaya da sipika a cikin feda ɗaya.

Abin da fedoji suka fi akwati da shi ba wai "sauti" ba ne kamar yadda ake ta musu, hannu ne. Fedar kaushi ta Tube Screamer mamurɗi uku gare ta, ka ga inda kowanne yake tun daga tsaye, ka sunkuya ka gyara cikin daƙiƙa biyu. A akwati sai ka shiga shafi, ka nemo ifek ɗin, ka murɗa, ka kuma tuna ka ajiye. Sannan in feda ɗaya ta mutu a tsakiyar kiɗa, cire ta za ka yi ka haɗa sauran. In akwati ya mutu, komai ya tafi. Feda kuma ba ta tsufa: DS-1 ta fito a 1978, Tube Screamer TS808 a 1979, har gobe ana sayar da su ana gyara su, alhali akwatin dijital yana raguwar daraja da zarar sabon samfuri ya fito.

Amma yaro, kada a ruɗe ka, kuɗin fedoji ba a jikin fedojin kaɗai yake ba. Fedoji shida suna buƙatar gajerun wayoyi biyar, allon da za a manna su, da abin ba su wuta, kuma a wutar ne yawancin matsala take. Galibinsu 9V DC suke ci, tsakiyar filogi nagatif. Fedar kaushi ta analog ba ta cika wuce 10 mA ba, amma dile da ribab na dijital suna cin daga 50 har 300 mA. Strymon TimeLine kaɗai 300 mA take nema. Ka tara abin da kowace ke ci, ka sayi mai ba da wuta da ya haura jimillar da akalla kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka jera analog da dijital a kan waya ɗaya mai rassa daga adafta guda, sau da yawa za ka ji wani siririn kuka yana bin sautin, domin hayaniyar na'urar dijital tana bi ta layin wuta ta shiga fedar kaushi, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi. Mai ba da wuta da kowane raminsa a ware yake shi ne magani. Ka kuma karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta kafin ka soka komai: akwai masu 12V, akwai masu 18V, akwai tsofaffi irin Whammy ta huɗu da ke cin 9V AC. Adaftar AC a jikin fedar DC kan ƙona ta. In batir kake amfani da shi, zare wayar da ke ramin shiga bayan ka gama, don ita ce ke kunna batirin.

Jerin da aka saba: na'urar saita tsirkiya, wawa (fedar da ke sa jita ta ce "wa-wa"), kwamfiresa (mai daidaita ƙarfin sauti), obadirayif (mai ɗan kaushi), distoshin, koros, dile, ribab. Dalilin sa dile bayan kaushi shi ne a maimaita sautin da ya riga ya yi kaushi. In ka juya su, maimaicin zai cakuɗe ya zama taɓo.

Sai batun tsawon waya. Wayar jita tana da kusan 100 pF (ma'aunin nauyin da waya ke ɗora wa sigina) a kowace mita, kuma fikof mara batir ba ya jure wannan nauyin. Mita shida zuwa allo, mita shida zuwa amfilifaya, fedojin duka irin masu barin sauti ya wuce kai tsaye idan an kashe su: ka tara fiye da 1,200 pF, zaƙin saman jitar ya dushe. Feda ɗaya mai bafa, wato abin da ke sa sigina ta jure doguwar waya, a farkon jeri ta wadatar, kuma fedojin Boss da bafarsu suke zuwa. Banda guda ɗaya ce: fedar kaushi ta Fuzz Face da danginta suna son su ji fikof kai tsaye, in ka sa bafa a gabansu sai su yi tsini, kuma rage murya daga jikin jita ba zai ƙara tsabtace su yadda ya kamata ba. Su ne farko a jeri, kafin komai.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba Dattijo, kaushin amfilifayata yana yi mini daɗi, ba na so in rasa shi. In na sayi akwati, akwai hanyar da zan yi amfani da kaushinta, dile da ribab kuma su fito daga akwatin ba tare da sun cakuɗe ba? Sannan ana cewa dijital yana da jinkiri, gaskiya ne?

Malama_Miksa:

Akwai, ana ce mata haɗin waya huɗu, kuma ramukan nan biyu na bayan amfilifayarka don ita aka yi su. Sharaɗi shi ne akwatin ma ya kasance yana da nasa Send da Return, ƙananan masu araha da yawa ba su da su, don haka ka duba bayansa kafin ka biya.

Waya ta farko daga jita zuwa Input na akwati. Ta biyu daga Send na akwati zuwa ramin gaba na amfilifaya, inda ka saba soka jita. Ta uku daga Send na amfilifaya zuwa Return na akwati. Ta huɗu daga Output na akwati zuwa Return na amfilifaya. A cikin saitin sai ka sa madaukin, wato Send da Return na akwatin, a tsakiya: wawa, kwamfiresa da obadirayif kafinsa, koros, dile da ribab bayansa. Kwaikwayon amfilifaya da na sipika duka a kashe, tunda na gaske suna aiki.

Abu biyu ke lalata wannan haɗin. Ɗaya ƙarfin sigina: Send na akwati da ke zuwa gaban amfilifaya a sa shi a matakin jita, ba matakin layi da ya fi shi ƙarfi ba, in ba haka ba sautinka mai tsabta zai fara kaushi tun ba ka nema ba. Gwajin mai sauƙi ne: soka jita kai tsaye ka saurara, ka mayar ta cikin akwati da duk ifek a kashe, ƙarfin ya zama ɗaya. Na biyu ƙugi. Wayoyi uku ne ke tsakanin na'urori biyu, kowace da layin ƙasanta, sai su yi zobe su ɗauko ƙugin wutar gida na 50 ko 60 Hz. Fara da jona akwati da amfilifaya a soket ɗaya. In bai tafi ba, sa ƙaramar taransifoma mai raba layin ƙasa a kan ɗaya daga wayoyin madaukin. Kada ka kuskura ka cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don kashe ƙugi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma wannan ƙafar ce ke tsare ka daga jan wuta idan wani abu ya lalace a ciki.

Jinkiri kuwa akwai shi, amma a auna shi. Akwatunan kirki na yanzu suna tsakanin milisakan 1 zuwa 3. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato kusan santimita 34 a milisakan ɗaya. Jinkirin milisakan 3 daidai yake da ka matsa mita ɗaya daga sipikarka. Inda yake zama matsala shi ne in aka tara: waya mara igiya ta dijital, fedojin dijital uku a jere kowace da nata juyin sauti zuwa dijital da dawo da shi, sannan miksa ta dijital. Fedoji ɗai-ɗai ma ba su tsira ba ke nan.

Ranar da za ka shiga miksa, ka fita ta XLR (rami irin na makirufo) in akwatin na da shi, in babu ka bi ta akwatin DI mai daidaita sigina da miksa, in kuma ta XLR ɗin akwatin ka fita ka gaya wa mai miksa matakin layi kake turowa don ya rage ƙarfin shigarwa tun kafin ya buɗe tashar.

Mai_Tsirkiya:

Ƙari kaɗan kan maganar Malama. Tunda kaushin amfilifayarka ya gamsar da kai, akwai hanyar tsakiya: fedar kaushi ɗaya ta analog a gaba, sai ƙaramin akwati ya riƙe koros, dile da ribab a madaukin baya. Zoom MS-70CDR girman feda ɗaya ne kuma aikinsa ke nan. HX Effects ya fi shi girma, amma ka sani babu kwaikwayon amfilifaya a cikinsa, don haka bai warware maka matsalar miksa ba. In miksar ce ta fi yawa a kiɗanka, koma kan mai kwaikwayon amfilifaya, ka ƙara masa feda ɗaya daga baya in kunnenka ya nema. Ka dai bar akwatin a kan adaftarsa: ta HX Stomp 3A ce, ramin 100 mA na allon fedoji ba zai ko tashe shi ba.

Ga lissafin dile, tunda akwati yana ba ka damar rubuta lamba: raba 60,000 da saurin waƙar. Waƙa mai bugu 120 a minti tana ba da milisakan 500 a bugu ɗaya, kashi uku cikin huɗunsa kuma 375, shi ne maimaicin nan mai tsalle da ake so a solo. Maimaici uku zuwa huɗu, ƙarfinsa ƙasa da na asalin sautin, ribab kuma a bayansa kaɗan.