Borin jini a jikin yaro, me ake yi masa?

Maman Abdul, Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Yarona ɗan shekara 4 ne, tun shekaranjiya da dare ya tashi yana susa yana kuka, na haska fitila sai na ga jikinsa duk ya yi tudu-tudu ja kamar cizon sauro amma faffaɗa, wani ma ya kai tafin hannu. Da gari ya waye ya ɓace sarai har na ce ko mafarki na yi, la'asar na yi kuma sai ga shi a cinya da wuya. Satin da ya wuce ya yi mura amma yanzu jikinsa ba zafi. Kakarsa ta ce borin jini ne a shafa manja a hana shi ƙwai da gyaɗa da kifi, maƙwabciyata kuma ta ce baƙon dauro ne, ni dai kaina ya kulle wallahi.

Hajiya Ta Birni:
Wa alaikumus salam, sannu 'yata Allah ya ba shi lafiya. Ba dauro ba ne wannan, dauro da zazzaɓi mai zafi yake zuwa da tari da jan ido, kuma in ya fito ba ya ɓacewa da safe ya dawo da marece. Kakarsa ta gane ciwon. Manjan ne dai ban ga amfaninsa ba, mun shafa wa namu iya shafawa, sai wanki da ya ƙaru mana.

Malam Infirmiye:
Maman Abdul, abin da kika faɗa da bakinki shi ne babbar shaida, wato ya fito nan ya ɓace ya koma can. Borin jini haka yake, ko wane tudu ba ya wuce awa 24 a wuri guda kuma ba ya barin tabo. Ki samu biro ki zagaye guda ɗaya yau ki duba gobe, sannan ki ɗauki foto da waya don sau da yawa kafin a iso gaban likita fatar ta yi sumul sai uwa ta rasa abin nunawa. Galibi ba a ma buƙatar gwajin jini, labarin da fotan sun isa.

Wani sinadari ne da jiki ke saki, histamin, shi ke kumbura fatar ya sa ƙaiƙayi. Kuma a yara abin da ya fi tayar da shi ba abinci ba ne kamar yadda mutane suka ɗauka, irin wannan murar ce da ya yi. In abinci ne yawanci cikin awa 2 da ci yake fitowa kuma duk ran da ya sake ci sai ya dawo, to yaron da ya saba cin ƙuli-ƙuli da ƙwai lafiya lau don me za a hana shi, ga yaranmu dama ƙwan ba kullum suke samu ba. Tambayata ɗaya, kin ba shi wani magani lokacin murar? Amoxicilline da ibuprofène da aspirine suna iya jawo shi.

Maganinsa siron cétirizine ko loratadine, amma ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a duba shi a rubuta miki daidai shekarunsa, kar ki saya wurin masu yawo da magani a tire cikin rana. Polaramine ma tana yi sai dai tana sa barci. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi, riga marar nauyi, a yanke masa farce. Mafi yawa cikin 'yan kwanaki yake wucewa, in ya zarce sati 6 yana zuwa yana tafiya to a koma a bincika.

Amma ki riƙe wannan da kyau: in leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na ƙara, ko yana amai yana langaɓewa, kar ki jira gari ya waye, kabu-kabu kawai zuwa babban asibiti, allurar adrenalin ake yi nan take. Haka in da zazzaɓi kuma kika danna jan da gindin kofin gilashi bai dushe ba, shi ma gudu, don yana iya zama alamar sanƙarau, mu nan Damagaram mun san shi.

Maman Abdul, Garin Malam:
Na gode Malam Allah ya saka. Paracétamol kawai na ba shi. Na zagaye guda biyu a cikinsa, yana ta dariya wai na yi masa zane, gobe da safe insha Allahu za mu CSI. Saura yadda zan shawo kan kakarsa kan maganar ƙwai, Hajiya ko ke za ki kira min ita?