Neman agaji: me za mu kira "domestik" na tseren keke da Hausa?

Ɗan Rediyo: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka, gobe da la'asar zan shiga shiri kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shirin kan 'yan tseren keke ne waɗanda ba a cika jin sunansu ba. Kowa ya san Biniam Girmay tun da ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France, babban tseren keken Faransa, ta 2024, amma ni 'yan ƙasarsu Eritiriya na bayan fage nake bibiya, irin su Amanuel Ghebreigzabhier da ya daɗe yana yi wa wasu aiki a ƙungiyar Trek. Faransawa na ce wa irinsu domestik. A Tour mutum takwas kowace ƙungiya ke sakawa. Galibi ɗaya ake so ya ci, sauran su tare masa iska, su koma baya wajen mota su ɗebo masa gorunan ruwa, in tayarsa ta fashe ɗaya ya sauka ya ba shi kekensa. Me zan kira su?

Bamaraɗiya: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka bar ta domestik. Mu nan Nijar in ka faɗi haka, boyi za a ji, mai wanki da guga. Hadimi fa?

Gwanin Tsokana: Karen mota. An gama, a tashi.

Ɗan Rediyo: Kai dai ba ka rabo da abin dariya. Yaya, hadimi ta yi mini sanyi, kamar mai zuba wa malam ruwan alwala. Wannan mutum ne da zai yi tafiyar kilomita ɗari a gaban ayari iska na dukan ƙirjinsa. Wanda ya laɓe a bayansa ƙarfin da zai kashe na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, a nan duk dabarar take.

Bakatsine: Ɗan rakiya.

Ɗan Rediyo: A'a, wannan ce ma nake so in rushe a shirin. Ɗan rakiya ya zo cika fage ne kawai. Shi kuwa wannan za ka gan shi na ɗari da wani abu a sakamako, an ba shi ratar minti ashirin, alhali ranar ya fi kowa aiki. Mai son sanin ko yana kan ganiyarsa ba jerin sakamako zai duba ba, sai ya duba a wane hawan tudu ne ya saki ubangidansa, kuma mutum nawa suka rage a ayarin lokacin da ya kauce.

Malam Nahawu: To ai ka ba da amsa da bakinka, ɗana. Aikinsa tare iska. Hausa ta iya haɗa aikatau da suna ta fitar da suna, kamar share-fage. Don haka na ƙirƙiro ɗan tare-iska, jam'i 'yan tare-iska, mace 'yar tare-iska. Ba aro, ba rance. Kuma tun da an zo nan, ku daina cewa keke. Aron Yarabanci ce. Iyayenmu laulawa suka sani.

Gwanin Tsokana: Allah gafarta Malam, ranar da harshensa ya sarƙe ya haɗiye "tare" a kan iska fa? Sai mu ji an ce ɗan iskan ƙungiyar Trek ya yi ƙoƙari yau.

Malam Nahawu: Wannan shi ne ciwonmu. A kawo ilimi, ku mai da shi wasan yara. Da haka kuka cika bakin rediyo da su fenariti da kwana.

Bamaraɗiya: Malam, da girmanka, laulawa ko kakata ta daina faɗi. Mu welo ma muke cewa, kuma ba mu fita daga Hausa ba.

Bakatsine: Welo kuma? Ku da kuka ari rabin bakinku daga Faransa.

Bamaraɗiya: Ku kuma basukur daga Daura kuka gado ta ko? A bar tone-tone, ɗan'uwa.

Malam Nahawu: Ni dai maganata ɗan tare-iska. Na gwada ta a aji, ɗalibai sun gane nan take.

Ɗan Rediyo: Jama'a, lokaci. Malam, na gode, amma tare iska kashi ɗaya ne na aikin. Mai ɗebo ruwa fa? Mai jan ɗan gudun ƙarshe har mita ɗari biyu kafin layi sannan ya kauce?

Kawu Mai Doki: Ina ta karanta ku tun ɗazu. Yaro, ka taɓa tsayawa kallon hawan sallah kuwa? Wa ke tafe a ƙasa gaban dokin sarki, yana buɗe hanya, yana riƙe da kayan da sarki zai buƙata, in doki ya yi gardama shi ne farkon kama linzami? Zagi. Jam'i zagage. Ba shi ake wa jinjina ba, amma ba a hawa sai da shi, kuma ba wanda ke raina shi a fada.

Bamaraɗiya: Kawu, wallahi ta zauna.

Malam Nahawu: Ba ta zauna ba. A rubuce ba ta da bambanci da zagi na ashar. Sannan zagi a ƙasa yake tafiya, wannan kuwa a kan laulawa yake kamar ubangidansa.

Kawu Mai Doki: Malam, rediyo zai shiga, ba jarida ba. Na ashar ana jan wasalin farko, na fada ba a ja. Kai ka koya mana wannan ai.

Ɗan Rediyo: Abin mamaki, ita kanta domestik ɗin da ashar ta fara. A 1911 Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France, ya jefi Maurice Brocco da ita a jarida don ya wulaƙanta shi, saboda yana sayar wa wasu 'yan tsere ƙarfinsa. Yau kuwa ba mai jin kunyarta. Italiyawa na cewa gregario, mutanen Holan da Beljiyam har mai ɗaukar ruwa suke cewa.

Gwanin Tsokana: Ashe ɗan ga-ruwa ne. Na janye karen mota.

Bakatsine: Ni ga inda take yi mini ƙaiƙayi. Zagi ba ya zama sarki har abada. Amma Sepp Kuss na Amurka fa? A 2023 ya raka Roglič ya ci Giro ta Italiya, ya raka Vingegaard ya ci Tour, sannan shi da kansa ya ci Vuelta ta Sifaniya, iyayen gidan nasa biyu suna na biyu da na uku. Kuma yaran Eritiriya da kake bibiya, Ɗan Rediyo, ba su yanke ƙauna ba. Henok Mulubrhan ya ci Tour du Rwanda a 2023, Natnael Tesfatsion ya ci sau biyu, 2020 da 2022. A gida sarakai ne, sai sun je Turai ake ba su gora. In ka ce musu zagage kamar ka rufe musu ƙofa ne.

Kawu Mai Doki: Irin su Kuss ka ce sarkin zagi, sarauta ce da ake naɗawa. Ranar da ya ci kuma ka ce yau zagi ya hau doki. Masu sauraro za su fi jin daɗin wannan a kan kowace fassara.

Bamaraɗiya: Matan fa? Su ma suna da Tour ɗinsu tun 2022. Zagiya za a ce? Ban taɓa jin ta ba.

Malam Nahawu: Kun gani? 'Yar tare-iska ba ta da wannan matsalar.

Ɗan Rediyo: Shirin gobe na maza ne, na mata sai mu sake zama. Ga yadda zan yi: farkon ambato in ce "zagi, wato wanda ke tare wa jagoran ƙungiya iska, yana yi masa hidima a hanya", daga nan in ci gaba da zagi. Malam, ka ga tare iskarka ta shiga.

Malam Nahawu: Ta shiga a matsayin bayani, ba suna ba. Ban gamsu ba, amma shirinka ne. Ka dai gajarta wasalin nan da kyau, kada ka zagi bayin Allah. Laulawa kuma fa?

Ɗan Rediyo: Keke zan ce, Malam. A yi mini afuwa.