Kuɗin hayaƙin jirgin ruwa a kan kwantenar citta: me ya haɗa ɗan Kaduna da shi?

Ɗan Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar jiragen ruwa da tashoshinsu. Sana'ata ita ce sayen busasshiyar citta a kasuwannin Kachiya da Kwoi, da riɗi idan kakarsa ta zo, in haɗa a kwantena in tura wa masu saye a Turai ta hanyar Legas. Tun daga farkon 2024 takardar kuɗin dako da kamfanin jirgi yake aiko mana ta fara zuwa da wani sabon caji, wanda aka ce na hayaƙin da jirgin yake fitarwa ne, kuma kowace shekara hawa yake yi. Ina so in san wanda ya ɗora wannan kuɗi da inda yake zuwa, da kuma ko akwai ranar da zai sauko. Abu na biyu, ana ta maganar tsabtace sufurin ruwa da inganta tashoshi, alhali mu a nan ko teku ba mu da ita, sai tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a watan Janairun 2018. Shin tana da wata rawa da za ta taka a wannan lamari, ko kuwa namu biya ne kawai?

Injiniya na Barnawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Cajin da kake gani daga dokar Tarayyar Turai ya samo asali, ba daga gwamnatin Najeriya ba. Daga Janairun 2024 Tarayyar ta shigar da manyan jiragen dakon kaya cikin tsarinta na sayen izinin fitar da iskar kabon, wato duk jirgin da ya shiga tasharta sai kamfaninsa ya sayi izini daidai da hayaƙin da ya fitar. Idan tafiyar tsakanin tashoshin Turai biyu ce, ana lissafa hayaƙin gaba ɗaya, idan kuwa daga waje ta faro, kamar daga Legas zuwa tashar Rotadam ta ƙasar Holan, rabi ake lissafawa. An kuma shigo da biyan ne daki-daki: kashi 40 cikin 100 na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, sannan cikakke daga 2026. Dalilin hawan da kake gani ke nan. Kuɗin yana shiga asusun ƙasashen Tarayyar da na shirye-shiryenta, kamfanin jirgi kuwa yana raba shi ne a kan kwantenonin da ya ɗauko.

Tushen maganar man da jirgi yake sha ne. Mafi yawan manyan jirage suna ƙona mai mai kauri ne da ya rage a gindin tukunyar matata, ɗan'uwan baƙin man nan da masaƙun Kakuri suke hura tukwanensu da shi a zamanin da suke aiki. Duk tan ɗaya da aka ƙona yana fitar da iskar kabon fiye da tan 3, kuma da yake sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi, sufurin ruwa yana da alhakin kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin ruwa, wato IMO mai hedikwata a Landan, ta fara ne da sinadarin farar wuta, wato sulfur: daga 1 ga Janairun 2020 ta rage adadin da aka yarda ya kasance a cikin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100. A Yulin 2023 ƙasashen hukumar suka amince a kawar da hayaƙin ɗumama duniya daga wannan fanni zuwa wajajen 2050. An tsara wani farashin hayaƙi na bai ɗaya da zai shafi duk duniya, aka amince da daftarinsa a Afrilun 2025, amma a Oktoban 2025 aka ɗage zartar da shi da shekara guda bayan adawar Amurka da Saudiyya.

Game da ranar da cajin zai sauko, ba na so in sa maka rai. Jiragen kwantena da ke iya amfani da sinadarin metanol a matsayin mai sun fara aiki tun 2023, ana kuma gwajin sinadarin amoniya, amma metanol ɗin da aka samar ba tare da ƙona man fetur ko iskar gas ba yana da tsada ƙwarai, kuma bai wadata ba. Idan kamfani ya rage biyan kuɗin hayaƙi ta hanyar sayen mai mai tsada, a takardarka ɗin dai zai bayyana da wani suna.

Inda ake samun sauƙi na haƙiƙa, a ganina, shi ne saurin jirgi da zaman jira. Ƙarfin da inji yake buƙata yana ninkuwa sosai da ƙaruwar sauri, ta yadda idan aka rage gudu da kashi 10 cikin 100, man da ake sha a rana yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ko bayan an cire ƙarin kwanakin da tafiyar za ta ɗauka, ana tsira da kusan kashi ɗaya cikin biyar na man tafiyar. Abin takaici shi ne jirgi yakan sheƙo da gudu domin ya kama layi, ya iso bakin tasha ya tarar babu gurbi, sai ya jefa anga ya yi kwanaki injinan ba da wutarsa suna ci. Da tashar za ta iya gaya masa tun yana tsakiyar teku cewa rana kaza da ƙarfe kaza gurbinsa zai samu, kuma ta cika alkawari, da ya taho a hankali ya iso a kan lokaci. Wannan ba ya buƙatar sabon inji ko sabon mai, abin da yake buƙata shi ne tashar da ta san abin da ke cikinta.

Wakilin Fito ya amsa:

Alhaji, bayanin Injiniya ya gamsar a ɓangaren teku, sai dai ni da nake aikin fitar da kaya tsakanin tashar Apapa ta Legas da Kaduna ina ganin ya tsaya a inda matsalarmu take farawa. Idan aka auna man da ake ƙonawa domin kai tan ɗaya na kaya tsawon kilomita ɗaya, jirgin ruwa ne mafi tsimi a duk hanyar da cittarka take bi, tirela kuma ita ce mafi ɓarna. Kwantenarka tana barin Kaduna a bayan tirelar da ta tsufa, ta bi ta Tafa da Abuja da Lokoja ko ta Mokwa da Jebba, ta sha ramuka da shingaye, ta isa Legas ta shiga layi. Wanda ya san Apapa a tsakanin 2017 da 2020 ya san lokacin da tireloli suka mayar da gadar Ijora wurin kwana, direba ya yi makonni kafin ya ga ƙofar tasha. A Fabrairun 2021, lokacin da Hadiza Bala Usman take shugabancin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, aka kawo tsarin Eto, wanda mota ba ta tunkarar tasha sai ta yi rajista ta intanet an kira ta daga garejin jira. Cunkoson ya ragu, ko da yake masu motoci ba su daina kokawa da karɓe-karɓen da ake yi a hanya ba.

Tashar Kakuri an kafa ta ne domin a rage wannan wahala. Doka ta amince da ita a matsayin tashar da kaya suke tashi daga gare ta kuma suke sauka a cikinta, ma'ana ana iya rubuta Kaduna a takardar lodin jirgi, jami'an kwastam su duba kaya a nan, a rufe kwantena a nan. Irinta ce ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Amma ƙarfin tashar tsandauri jirgin ƙasa ne, kuma a nan gizo yake saƙar. Layin da ya ratsa Kakuri tsohon layi ne na zamanin Turawa, mai faɗin milimita 1,067, wanda ya tashi daga Legas zuwa Kano, tafiyar sama da kilomita 1,100, kuma jigilar kwantena a kansa ana yi ana tsayawa. Sabon layi mai faɗin milimita 1,435 ya tashi daga Apapa ya tsaya a Ibadan tun 2021, wani kuma ya haɗa Abuja da Rigasa tun 2016, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu komai, kuma taragon wannan layi ba ya hawa wancan. Saboda haka yawancin kwantenonin da suke shiga Kakuri a bayan tirela suke zuwa, alhali jirgin ƙasa guda yana iya kwashe abin da tireloli da dama za su ɗauka, da man da bai kai rabin nasu ba.

Tashar Lekki ta Legas ma da ta fara aiki a 2023 haka take. Zurfinta ya kai mita 16.5, don haka manyan jiragen da a da suke sauke kayanmu a Lome ta ƙasar Togo, a sake loda su a ƙananan jirage zuwa Legas, suna iya shigowa kai tsaye, kuma babban jirgi ya fi tsimin mai a kan kowace kwantena. Sai dai ba a haɗa ta da layin dogo ba, kaya suna fita ne ta mota da kwale-kwalen dako.

Malama a Unguwar Rimi ta amsa:

Ina yi wa Alhaji da sauran malamai sallama. Fannina lafiyar muhalli ne, kuma ina so a bambanta abu biyu da ake haɗawa. Iskar kabon da Turai take karɓar kuɗi a kanta ɗumama duniya take yi, ba ita take shaƙe mutum ba. Abin da yake shiga huhun ɗan dako da direba da mai sayar da abinci a bakin tasha shi ne farar wuta da ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi daga jirage da tireloli da injinan ɗaga kaya masu shan dizal, kuma da yawa daga cikin masu shaƙarsa a Apapa 'yan'uwanmu ne da suka je ci-rani. Ko sisi daga cajin da Alhaji yake biya ba ya zuwa wajensu.

Maganin da manyan tashoshi suke bi shi ne jona wa jirgi wutar lantarki daga tudu idan ya tsaya, domin ya kashe injinansa, kuma Tarayyar Turai ta wajabta hakan ga jiragen kwantena da na fasinja a manyan tashoshinta daga 2030. A wurinmu sai an yi hattara, domin idan wutar da za a jona daga janareton dizal za ta fito, an dai matsar da hayaƙin ne daga ruwa zuwa tudu. Sai an sama wa tasha wutarta ta kanta daga iskar gas ko hasken rana kafin wannan ya yi ma'ana.

Akwai kuma sharar jirgi, wato dattin mai da ruwan wankin tankuna, waɗanda yarjejeniyar hana jirage gurɓata teku, wato MARPOL, ta wajabta wa tashoshi su tanadi wurin karɓarsu. Ba ƙaramin abu ba ne. A 1988 aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar ta 1988, a 2006 kuma sharar jirgin Probo Koala da aka zubar a unguwannin Abijan ta kashe mutane ta kwantar da dubbai. Ina tare da Wakili a kan jirgin ƙasa, amma ina ƙara cewa idan kaya suka yawaita a Kakuri alhali da tireloli ake kawo su, cunkoso da hayaƙin Apapa ne za mu jawo wa mazauna Kakuri da Makera, don haka tun yanzu ya kamata a tsara garejin jira a wajen gari.

Ɗan Kakuri ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na fahimci cewa cajin ba a hannunmu yake ba. Malam Wakili, tun da jirgin ƙasan ba abin dogaro ba ne a yanzu, akwai wata riba in rufe kwantenata a Kakuri, ko in ci gaba da kai buhuna Legas a loda a can kamar yadda na saba?

Wakilin Fito ya sake amsawa:

Akwai riba, Alhaji, amma da sharaɗi. Kwantenoni da yawa suna hawowa Arewa cike da kaya su koma Legas babu komai a ciki, an biya kuɗin mota an ƙona mai a banza, kuma mai kayan yana gaggawar mayarwa kada kamfanin jirgi ya ci kuɗin ajiyar da ya bayar. Idan ka samu irin wannan kwantena, mallakar kamfanin da zai ɗauki kayanka, kuma kamfanin ya amince a rubuce a sake loda ta a Kaduna, tafiya ɗaya ta yi aikin biyu, kuma mai mota zai rage maka domin da ma komawa zai yi. Kafin ka loda, ka duba cikinta da kyau, kada ta kasance ta ɗauko sinadarai ko tana yoyo, domin citta tana ɗaukar wari da danshi.

Sharaɗin shi ne takardu su kammala kafin mota ta tashi: fom ɗin NXP na fitar da kaya waje da za ka cika ta bankinka, takardar shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar killace tsirrai da dabbobi, da binciken kwastam, sannan a tabbatar maka da gurbi a jirgi da ranar rufe karɓar kaya. Ka kuma tambayi wakilinka tun farko ko kwantenar da aka rufe a nan za ta shiga tasha kai tsaye ko sai ta bi ta tashar tantance kayan fitarwa ta Lilypond a Ijora, domin wannan yana canza lissafin kwanaki. Game da cajin hayaƙin, ka nemi kamfanoni biyu ko uku su ba ka farashi a rubuce, kowane caji a layinsa, saboda kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa, kuma jirgin da zai tafi Turai kai tsaye ba ɗaya yake da wanda zai sauke kayanka a wata tasha a sake lodawa ba. Idan kuma a bakin tashar Legas yarjejeniyarku ta ce kayan sun fita daga hannunka, mai saye ne yake biyan dakon ruwa da duk cajin da ke kansa, sai ka duba abin da kuka rubuta kafin kakar bana.