Me ya sa 'yan MotoGP ba sa zuwa tseren TT na Tsibirin Man?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum masana. An ce TT (Tourist Trophy) na Tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ireland, shi ne tseren babura mafi tsufa da ake yi har yau a kan titin gari, tun 1907. To me ya raba shi da gasar babura ta duniya, wato MotoGP?

Malam Inji: Wa alaikumus salam. Ai da yana ciki, ɗan'uwa. Daga 1949 da aka fara gasar duniya har 1976, TT ne tseren Birtaniya a gasar. Rai ne ya raba su. A 1972 Gilberto Parlotti ya rasu a tseren, a kan dutsen da hanyar ke bi, cikin ruwan sama, abokinsa Giacomo Agostini, wanda ya ci TT sau 10, ya ce ba zai ƙara hawa can ba, manyan mahaya suka bi bayansa. A 1977 aka mayar da tseren Birtaniya zuwa filin tsere na Silverstone a Ingila.

Duba hanyar kanta. Zagaye ɗaya kilomita 60.7 ne, kwana sama da 200, ta cikin ƙauyuka, ga katangun dutse da falwayoyi a bakin kwalta. A filin MotoGP in ka faɗi, tsakuwa ce za ta tare ka. A nan bango ne. Shi ya sa mahayan TT ba sa tashi tare, ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da tazarar daƙiƙa 10, agogo ne alƙali.

Bakanike: Malam ya faɗi gaskiya, amma ko babur ɗin ma ba zai yi ba. Na MotoGP an ɗaure shi ƙam saboda kwalta mai sulɓi. A TT dole a sassauta shokazoba, don a gadar Ballaugh tayoyi biyu barin ƙasa suke, a gangaren Bray Hill kuma babur na durƙushewa har cikinsa ya kusa gogar titi. In ya yi tauri, kan babur ya riƙa rawa ke nan a hannunka. In ya yi laushi da yawa, ya dinga lilo a kwana.

Babban tseren zagaye 6 ne, tanki kuma zagaye 2 yake kaiwa. Sai an tsaya sau biyu a zuba mai, a sauya tayar baya da gilashin hular kwano, saboda ƙwari. Wanda ya wuce gudun kilomita 60 a wurin tsayawar, a ƙara masa daƙiƙa 30.

Hajiya Turbo: Ga kuma haddar hanya, wadda ke cin shekaru. Shi ya sa zakarun can daban ne. Joey Dunlop ya ci sau 26, sai 2024 ɗan ƙaninsa Michael ya wuce shi. Ni dai a wurina Mike Hailwood ne gwani: ya bar TT shekara 11, ya dawo a 1978 a kan babur ƙirar Ducati, ya ci.

Bakanike: Hajiya, a ƙara da Peter Hickman. A 2023 ya yi zagaye cikin minti 16 da daƙiƙa 36, a kan BMW na ajin Superstock, wanda injinsa kusan na kanti ne.