Za a yi wasan Antigon a fili da damina, ina zan zauna?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Wasu ɗalibai za su yi wasan Antigon a farfajiyar makaranta cikin wannan hutun damina, bayan sallar isha'i. Don Allah masana, wane shiri mai kallo zai yi, kuma wane wuri ya fi dacewa da zama?

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da tambayar wanne za su yi, don biyu ne ke yawo. Na asali marubucin Girka Sofokilis ya rubuta shi a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma can ma a fili aka yi shi. Na biyun na marubucin Faransa Jean Anouilh ne, an fara yin shi a Paris a 1944. In ka ga makahon boka Tiresiyas ya zo yi wa sarki gargaɗi, na Sofokilis ne. Anouilh ya cire shi.

Labarin: Sarki Kiriyon ya hana a binne gawar Polinis don ya kawo wa garin Tebis yaƙi. Ƴar uwar Polinis, Antigon, ta ce ba sarkin da zai hana ta suturta ɗan uwanta, ta je ta zuba masa ƙasa. Mu da muka san nauyin jana'iza ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin lura shi ne mutum uku ke mutuwa, Antigon, Hemon ɗan sarki da uwar Hemon, amma ko ɗaya ba a gaban idonka ba. Ɗan aike ne ke zuwa ya faɗa. Wanda bai ji maganarsa ba ya yi zaman banza.

Mai Sauti:
Gaskiyar Malam. Zauna tsakiya, taku goma zuwa sha biyar daga dandamali, ba gindin lasifika ba, don can ƙara ce kawai, kalmomi na cuɗewa. Kada ka jingina da katangar baya, murya na bugunta ta dawo, ka ji kowace magana sau biyu. Duba inda aka aje injin wuta ka koma ɗaya ɓangaren. Ka lura da iska kuma: in daga bayanka take busowa zuwa dandamali, kwashe muryar ƴan wasa take. Wannan ya fi cutar ƴan amshi, dattawan Tebis, tunda sau da yawa makirufo ɗaya ake ba su su duka.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ƙura ke riga ruwa isowa. Da ka ji iska mai sanyi ta juyo, minti kaɗan ya rage. Sa waya cikin leda, kuma ka nisanci wayoyin wuta da aka ja a ƙasa.

Hajiya ta Zariya:
Ɗana, riga mai dogon hannu da safa, sauron Agusta ba ya wasa. Kada ka zauna ƙarƙashin fitila, ƙwari za su yi ta zubo maka. Wasan yakan kai awa ɗaya da rabi ba hutu, sai ka zo da ruwanka da ƴar kujera, don ƙasa na da laima, tabarma jiƙewa take. Ka yi magana da ɗan kabu-kabu tun da wuri ya dawo ɗaukarka.

Roƙona ga masu zuwa da yara: wurin mai gadin gawa, da yake ta kame-kame gaban sarki, a yi dariya, ba laifi. Amma in aka fito da Antigon za a kai ta kogon da za a rufe ta da rai, a riƙe yaran su yi shiru.