Faifan Metallica: tsohon bugun 1988 ko sabon na 2018?

Ɗan_Hambug: Salamu alaikum 'yan'uwa. A wani shagon gwanjo nan unguwarmu na tarar da ...And Justice for All, bugun 1988, faifai biyu a kwali ɗaya, Yuro 55. Gefen da "One" take akwai ɗan karce, amma mai shagon ya ce allura ba ta tsalle. Sabon bugun 2018 kuma Yuro 35 ne. Kuɗin ɗaya gare ni, garmahona kuma ƙarami ne. Wanda ya taɓa jin duka biyun, wanne ya fi? Zuwa Asabar kawai zai ajiye mini.

Mai_Jita: Wa alaikumus salam. Ka nemi Master of Puppets na 1986 ka huta. Tun da Cliff Burton, mai jitar bes ɗinsu, ya rasu a hatsarin bas a Suwidin cikin Satumban shekarar, ƙungiyar ba ta koma yadda take ba.

Ummi_K: Haba Malam, ba abin da ya tambaya ba ke nan. Kuma kundin ...And Justice for All ba kanwar lasa ba ne. A nan hannun dama na Hetfield, mai jitarsu, ya fi kaifi, kowane bugu a bushe, tsaf. Ka saurari yadda "One" take farawa a sanyaye, sannan ganguna da jita su haɗe wuri guda su riƙa zubowa kamar harbin bindiga mai jigida. Ita ta ciyo musu kyautar Grammy ta farko a 1990. Aibinsa guda biyu ne, kuma manya. Jitar bes ta Jason Newsted ba a jin ta, duk yadda ka kasa kunne. Sannan tsawo: waƙa tara, fiye da awa ɗaya, biyu daga ciki sun kusa minti goma-goma. A tsakiyar kundin ni kaina nakan gaji.

Ɗan_Hambug: Na gode Yaya Ummi. To sabon bugun ya ɗago bes ɗin?

Ummi_K: A'a ƙanena, haka suka bar shi. Steve Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa sautin, ya ce Lars Ulrich, mai gangarsu, ne ya sa shi ya sauke bes ɗin.

Baban_Sadik: Ɗana, kada ka taɓa tsohon. Ni wani ɗan intanet ya sayar mini da shi a kan na asali ne, Fam 70, ban da kuɗin aike. Wata da watanni ina jiran kaya a Kaduna. Da ya iso, kwalin ya yage a kusurwa, faifan farko ya lanƙwashe, ina ɗora shi allura ta dinga hawa da sauka. Na biyun kuwa, daidai inda "To Live Is to Die" take yin sanyi, wurin da na sayi faifan dominsa, sai ƙaras-ƙaras. Wannan waƙar da sunan marigayi Burton a cikin mawallafanta. Na aika wa mutumin hoto, ya ce zafin ƙasarmu ne ya lalata, daga nan ya toshe ni. Har yau yana cikin durowa, ban ƙara buɗe shi ba.

Sani_Ganga: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Amma Fam 70 an cuce ka tun daga farko. Ni Dala 25 na saya.

Mai_Jita: Dala 25 yaushe? Yanzu ko kwalin ba za ka samu haka ba. Kuma ɗan'uwa ka duba tambari: in ba na kamfanin Elektra ba ne, jabu ne.

Ummi_K: Ba haka ba ne. Elektra na Amurka ne, a Turai Vertigo ce ta fitar. Yaron a Jamus yake, za ka sa ya zargi mai shago a banza.

Mai_Jita: Ke da a waya kike saurara, me kika sani game da faifai? Ni tun zamanin kaset nake jin mutanen nan.

Ummi_K: Daɗewa ba ta gyara tambari, Malam. Karanta bayan kwalin.

Garba_Dariya: Ku bar faɗa. Ɗan_Hambug, sayi tsohon, ƙila a cikin karcen nan bes ɗin Newsted ya ɓuya 😂

Baban_Sadik: Ka yi dariya, ba kuɗinka ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ma masu kawo kayan ne. An rubuta a jiki cewa abu ne mai fashewa, amma da na je karɓa na gan shi a ƙasa, an jibga masa manyan kwalaye, rana tana dukansa ta taga. Kuma sai da na ƙara biyan wasu kuɗi kafin su miƙo mini.

Sani_Ganga: Wallahi haka suka yi mini da fatun ganga. Biyu na yi oda, ɗaya ta iso a ninke. Yanzu sai dai in jira mai dawowa gida ya riƙo mini a hannu.

Ɗan_Hambug: To jama'a, maganar karcen fa? In ce ya ɗora mini gefen in ji kafin in biya?

Sani_Ganga: Af, kai da kake Jamus, yaushe za ka zo hutu? Akwai gurbin kilo biyu a jakarka?