Shuɗin da ke kan taswira: ruwan bara ne ko na bana?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman mutanen bakin kogi. Sana'ata zana taswira a kwamfuta, kuma yau mako biyu ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat: abin da Turawa ke ce wa "flood extent", wato iya inda ruwan ambaliya ya kai, ko zai kai, a doron ƙasa.

Ga abin da ya jawo maganar. Gab da faɗuwar damina muka zauna da dattawan wani gari a ƙasar Haɗeja. Na shimfiɗa musu takarda a kan tabarma, muka danne kusurwoyinta da takalma saboda iska, na ce, "Ranku ya daɗe, wannan taswirar ambaliya ce." Mai unguwa ya daɗe yana dubawa. Ya gano masallacin Juma'a, ya bi hanya da yatsa har gonarsa, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, wannan shuɗin, ruwan bara ne ko na bana?"

Tambayarsa ta fi ƙarfin sunan da na ba takardar. Taswirori biyu ne daban, mu kuma muna kiransu da suna ɗaya.

Ta farko shaida ce. Ruwa ya riga ya zo, tauraron ɗan'adam ya ɗauki hoto daga sama, mu kuma muka zagaye inda ya kwanta. Mun fi dogara da tauraron Turai mai suna Sentinel-1, don shi da na'urar rada yake aiki, mai aika saƙo ƙasa ta jira dawowarsa, hadari ba ya tare masa gani, dare ma bai dame shi ba. Ruwan da ya kwanta luf baƙi ƙirin yake fitowa a hoton, saboda saƙon da tauraron ya aiko yana zamewa a kansa ya wuce, ba ya komawa. Irin wannan taswira aka yi ta fitarwa bayan madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri, ya shanye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu.

Ga wannan na ba da shawarar "sawun ruwa". Duk wanda ya taɓa shiga gidan da ruwa ya janye ya san abin da nake nufi: layin nan na laka da kara da leda da ke manne a jikin katanga, daidai ƙirjin mutum. Ruwa ya taka, ya bar sawu. Wani malamin makaranta ya rubuto mini cewa "iyakar ruwa" ta fi sauƙi. Na gode Malam, amma iyaka abu ce da aka shata aka gama, kamar iyakar gona. Idan muka buga "iyakar ruwa" a takarda, wanda gidansa ke bayan layin da taku goma zai kwanta da minshari. Sawu kuwa kowa ya san na jiya ne, gobe mai sawun yana iya bi ta wata hanya.

Ta biyun ce ta fi ba ni wahala, wadda ake kira "modelling". A nan ruwa bai zo ba tukuna. Muna ba kwamfuta siffar ƙasa, ina ne tudu, ina ne kwari, mu gaya mata faɗin kogi da zurfinsa da inda gada take, sannan mu ce: idan ruwa kaza ya taho daga madatsun Tiga da Challawa, ina zai bi? Manhaja irin HEC-RAS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka ƙirƙira kuma kyauta ake samunta, ita ke yin lissafin, sai mu ɗora sakamakon a manhajar zana taswira ta QGIS mu shafa masa launi: shuɗi mai haske ruwan idon sawu, mai duhu wanda ya shanye mutum.

Shawarwari sun zo da yawa. "Kwaikwayo" na ajiye ta nan take, don kunnen Bahaushe wasan kwaikwayo zai ji, kuma ba na son a ɗauki gargaɗin ambaliya abin wasa. "Kintace" ta yi sako-sako, kamar mutum ya dubi sama ya faɗi abin da ya zo bakinsa. "Hasashe" tana da ƙarfi tun da gidajen rediyo sun saba da ita, har rahoton da NiHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, ke fitarwa kowace shekara hasashen ambaliya ake ce masa. Sai dai hasashe yana faɗin abin da ake sa ran zai faru bana, aikinmu kuwa "idan kaza, to kaza" ne.

Wanda ya warware mini ita wani kawuna ne, birkila. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ai mu ma muna yi. In mun gama daɓen banɗaki, bokiti guda muke kwarawa mu ga ko ruwan zai nufi rariya ko zai koma ɗaki." Wallahi shi ke nan aikin. Bokitin ruwa muke kwarawa a kan ƙasar da muka gina cikin kwamfuta, mu tsaya mu ga inda zai malala. Don haka na tsaya a kan "gwajin malala", takardar da ta fito kuma "taswirar gwajin malala".

Ina son kalmar gwaji saboda ba ta cika baki. Siffar ƙasar da yawancinmu ke samu kyauta, kowane ɗigo a cikinta fili ne mai faɗin mita 30, kuma wata tun shekarar 2000 aka auna ta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Auyo da Haɗeja, inda jinga mai tsayin gwiwa ke raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse, wannan awo bai isa ba. Kwamfuta ba ta san ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa ba, ba ta san an cike kududdufi an yi gini ba, sai an gaya mata. Masunta da manoman fadama su ke da wannan labari.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tabbatar mini cewa can ma in gulbi ya cika ya fita, malala suke cewa, don haka kalmar za ta tsallaka iyaka lafiya.

Na sake buga takardun garin nan guda biyu. Ɗaya an rubuta "Sawun ruwan bara" a samanta, ɗayar "Gwajin malala: idan kogi ya ƙaru da mita 1". Ranar kasuwa mai zuwa zan kai wa mai unguwa. Saura zurfi: maimakon mita, ina tunanin in rubuta idon sawu, gwiwa, ƙugu, wuya. Mutanen Ringim da Gashuwa, yaya kuke faɗinsa a wajenku?